Karatun Tagulla: Yadda Ake Tarawa da Tantance Tsofaffin Mindodi da Allunan Ƙarfe

Gabatarwa

A gidajen da kakanni suka yi aikin soja a zamanin Turawa, idan aka buɗe tsohuwar adaka akan tarar da wani ɗan ƙarfe mai siffar tauraro ko sule, an ɗaura masa ƙyalle mai ratsi-ratsi. Shi ne tsofaffi ke kira minda, kalmar da Hausa ta aro daga Ingilishi kamar yadda ta aro kwabo da sule. Da yawanmu iyakar abin da muka sani game da minda ke nan, wato lambar yabo da ake liƙa wa soja a ƙirji ko a rataya wa ɗan wasa a wuya. To amma akwai wata irin minda da ba a yi ta don ratayawa ba, ba a kuma sayen komai da ita a kasuwa. An yi ta ne don a riƙe a tafin hannu, a juya ta, a karanta ta. Ita ce mindar fasaha. Tana kuma da babbar ya, wato allon ƙarfe mai zane, wanda ake kafawa a jikin bango ko ginshiƙi.

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan yadda masu tara waɗannan kayayyaki ke gane tsohon aiki daga sabo, da na asali daga kwafi. Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin harshe da tagulla? Amsar ita ce, tantance minda karatu ne. Akwai rubutu a jikinta da ake warwarewa kamar yadda muke warware tsohon ajami, akwai kuma wani bayanin da ƙarfen kansa yake yi, wanda sau da yawa yakan ƙaryata rubutun.

Asalin mindar fasaha

Masana sun fi danganta farkon wannan fasaha ga wani mai zane ɗan Italiya da ake kira Pisanello. A shekarar 1438 Sarkin Rumawan Gabas, Yohanna na Takwas, ya zo garin Ferrara don halartar taron manyan malaman Kirista, da fatan ya sami gudunmawar Turai a kan Turkawa da suka tasa daularsa gaba. Pisanello ya ga sarkin, ya zana kamanninsa, sannan ya zuba su a faifan tagulla mai faɗin kimanin santimita 10. A fuskar faifan ga sarki da doguwar hularsa da gemunsa, an kewaye shi da rubutun Girkanci. A baya kuma ga shi bisa doki. Sarakunan Italiya da suka ga wannan aiki sai kowa ya so a yi masa nasa, domin abu ne da za a iya zuba shi da yawa, a aika wa abokai da surukai, ba ya yagewa kamar takarda, ba ya kuma koɗewa kamar fenti.

Gudunmawar da sarkin ya zo nema ba ta hana komai ba. A 1453 Sarkin Turkawa Muhammadu na Biyu, wanda ake wa laƙabi da Alfatih, ya ci birnin da muke kira Santambul daga hannun ƙanen Yohanna. Abin sha'awa, shi ma wannan sarki sai ya nemi masu fasahar Italiya su zo fadarsa. Gentile Bellini ya je daga Venis a 1479, ya kuma yi masa minda. Wani mai suna Costanzo da Ferrara shi ma ya yi masa tasa, wadda ake lissafa ta cikin mafiya kyau na wannan zamani, da rawani a fuska da doki a baya, da kirarin sarautarsa cikin Latinanci. Ke nan wanda aka ci garinsu da wanda ya ci garin duk sun wanzu a tagulla iri ɗaya.

Daga Italiya fasahar ta bazu zuwa Jamus da Faransa da Holan da Ingila. A ƙarni na 19 wani Bafaranshe, David d'Angers, ya yi faya-fayai sama da 500 na fuskokin mashahuran zamaninsa, yawancinsu masu fuska ɗaya, bayansu rami ne kawai.

Zubi ko bugu?

Tambaya ta farko da mai tantancewa ke yi ita ce: wannan ƙarfe zuba shi aka yi ko buga shi aka yi? Duk wanda ya taɓa zama a maƙerar farfaru ya san zubi. Ana siffanta abu da kakin zuma, a danna shi cikin lallausan yashi ko a lulluɓe shi da yumɓu don a sami mazubi, sannan a narka ƙarfe a kwarara a ciki. Bugu kuwa shi ne yadda ake yin kuɗin ƙarfe: a sassaƙa zanen a jikin hatimi biyu na baƙin ƙarfe mai tauri, a sa faifai a tsakaninsu, a matse da ƙarfi.

Kowanne yana barin sawunsa. Bugaggiyar minda tana da santsi a fili, haruffanta suna da kaifi, gefenta a daidaice yake. Zubabbiya kuwa, idan aka duba ta da gilashin ƙara girma, za a ga fatarta da 'yan ƙurarraji da ƙananan ramuka inda iska ta maƙale, haruffanta kuma sun ɗan yi taushi a gindi. Amfanin wannan sani shi ne, kowane zamani da hanyarsa. Mindodin Pisanello da na tsararsa duk zubi ne. Daga ƙarni na 16 zuwa gaba, da aka sami injin matsawa, bugu ya riƙa rinjaye. Saboda haka idan aka kawo maka mindar da littattafai suka ce bugawa aka yi, ka kuwa ga alamun zubi a jikinta, to kwafi ce, ba sai an kira malami ba.

Matsalar da ta fi wuya ita ce ta zubi a kan zubi. Da yake mindodin farko zuba su aka yi, duk wanda ya mallaki guda zai iya danna ta cikin yashi ya sami sabon mazubi, ya zuba wata. Haka aka riƙa yi shekaru ɗaruruwa, wasu don ha'inci, wasu don sha'awa kawai. A nan ne ƙarfe ke tona asiri. Tagulla idan ta huce takan ɗan tsuke, kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Ke nan 'ya ba ta kai uwa girma, jika kuma ba ta kai 'ya. Mindar da asalinta milimita 100 ce, kwafinta zai faɗo wajen 98, kwafin kwafin ya ƙara faɗowa, kuma a kowane zubi gashin kai da ƙananan haruffa suna ƙara dusashewa. Ƙwararru ba su cika dogara ga awon baki zuwa baki ba, don ana iya goge baki da magagari. Sukan auna tazarar da ke tsakanin wasu haruffa biyu, su gwada da ta wadda ke gidan tarihi. Wata alamar kuma mai ban dariya: idan uwar tana da huda da wani ya yi don rataye ta, sai inuwar hudar ta fito a jikin 'yar, a toshe, ba ta ɓulle ba.

Ɗalibin da ya yi darasin nazarin tsofaffin rubuce-rubuce zai ga ba baƙon abu ba ne. Haka muke bin kwafe-kwafen waƙa guda, mu gane wanda aka kwafo daga wani ta hanyar kuskuren da suka yi tarayya a kai.

Akwai kuma kwafin lantarki, dabarar da Moritz von Jacobi ya fito da ita a Rasha a 1838. Ana sa mazubi cikin ruwan sinadari, wutar lantarki ta riƙa tara jan ƙarfe a jikinsa har ya zama ɓawo. A yi ɓawon fuska, a yi na baya, a cika da darma, a manne. Irin wannan kwafi yana fitar da zane tsaf, har ya fi na zubi yaudara. Sai dai in an duba gefe za a ga siririn layi inda aka haɗa ɓawon biyu, kuma nauyinsa ba ya yin daidai da na asali.

Abin da rubutu ke faɗa

Nan ne fagen ɗalibin harshe. Yawancin tsofaffin mindodin Turai da Latinanci aka rubuta su, da manyan haruffa, kuma a taƙaice, domin fili kaɗan ne. Abu na farko da zai rikita baƙo shi ne babu harafin U, sai V a madadinsa. Pisanello yakan sa hannu da OPVS PISANI PICTORIS, ma'ana aikin Pisano mai zane. Sauran masu fasaha sukan sa sunansu ƙanana a ƙarƙashin wuya ko kafaɗar hoton, ko kusa da baki, sai su biyo shi da F. ko FEC., taƙaicen kalmar da ke nufin "shi ya yi". Idan aka ga INV. to wanda ya ƙirƙiro zanen ake nufi, wanda ba lalle ne ya zama shi ya sassaƙa hatimin ba. D.G. bayan sunan sarki na nufin "da falalar Allah". AET. kuwa, idan lamba ta biyo ta, shekarun mai hoton ne a lokacin da aka yi aikin, kuma wannan kan taimaka ƙwarai, don in an san shekarar haihuwarsa an san shekarar mindar ko da ba a rubuta ba.

Shekara kuma sau da yawa da lambobin Rumawa take zuwa: M dubu, D ɗari biyar, C ɗari, L hamsin, X goma, V biyar, I ɗaya. Ƙaramar lamba in ta gabaci babba ragewa ake yi. Misali, MDCCCXCVII shi ne 1897.

Wani salon da ya yi tashe a Jamus da maƙwabtanta a ƙarni na 17 da na 18 zai burge duk wanda ya karanci rubutattun waƙoƙin Hausa na ƙarni na 19. Sai a rubuta jimla a jikin minda ba tare da an sa shekara ba, amma a girmama wasu haruffa fiye da sauran. Idan aka tsince waɗannan manyan haruffa, waɗanda duk lambobin Rumawa ne, aka tara su, sai shekarar ta fito. Wannan dai shi ne ramzi, wanda malamanmu ke rufe waƙa da shi ta hanyar lissafin haruffan abajada. Ban ce wani ya koya daga wani ba. Ko'ina haruffa suka zama lambobi, masu hikima sukan yi wasa da su.

Sai dai fa a yi hattara. Shekarar da ke fuskar minda shekarar abin da ake tunawa ce, ba lalle ta zama shekarar da aka ƙera wannan da ke hannunka ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗin sababbin shiga. Kuma ha'incin ba yau ya fara ba. Tun a ƙarni na 16 wani maƙeri a garin Padua, Giovanni da Cavino, ya sassaƙa hatimai yana buga kwaikwayon manyan kuɗaɗen sarakunan Rum na dā. Aikinsa ya yi kyau har yau ana tara shi da sunansa, har ma wasu sun yi jabun jabun nasa.

A juya gefe

Mafi yawan mutane fuska suke kallo, kaɗan su juya baya, amma ƙwararre gefe yake fara dubawa. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na gidan buga kuɗi na Faransa da ke Paris. Wannan gida ya adana tsofaffin hatimansa, kuma ya daɗe yana sake buga tsofaffin mindodi ga duk mai so. Daga 1832 aka fara sa wata 'yar alama a gefen abin da aka buga, daga baya kuma aka riƙa haɗawa da sunan ƙarfen: CUIVRE jan ƙarfe, BRONZE tagulla, ARGENT azurfa. Alamar ta riƙa sauyawa. Daga 1832 zuwa 1841 'yar fitila ce irin ta dā. Daga 1845 zuwa 1860 hannu ne yana nuni. Daga 1860 zuwa 1879 ƙudan zuma ne. Daga 1880 kuwa aka koma ƙaho mai zubo da 'ya'yan itatuwa. Saboda haka mindar Napoleon mai ɗauke da shekarar 1804 a fuska, in aka ga ƙaho a gefenta, to an buga ta ne aƙalla shekara 76 bayan abin da ta faɗa. Ba jabu ba ce, tunda daga gidan ta fito, amma darajarta ba ta kama ƙafar bugun farko ba.

Mindodin soja ma gefensu na magana. Wadda Ingila ta fito da ita a 1902 don yaƙe-yaƙen Afirka tana da 'yan sanduna a jikin ƙyallenta masu sunan yaƙi, ciki har da na Arewacin Nijeriya na 1903, shekarar da aka ci Kano da Sakkwato, da na 1906. A gefenta akan buga lambar soja da muƙaminsa da sunansa, kuma sojojin ƙasar nan sau da yawa da sunan gari aka rubuta su, wane Kano, wane Zariya, cikin irin rubutun da kunnen Bature ya jiyo. Taurarin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, irin na waɗanda suka je Bama, Ingila ta raba su ne babu suna. Shi ya sa takardar sallama da ke tare da irin wannan minda a adaka ta fi mindar kanta muhimmanci, kada a raba su.

Manyan alluna

Idan faifai ya wuce abin da tafin hannu zai riƙe, ko aka yi shi mai kusurwa huɗu da fuska ɗaya don a kafa, ya zama allo. Wani sananne a Turai shi ne wanda Ingila ta aika wa iyalan waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya: zubin tagulla mai faɗin kimanin santimita 12, zanen Edward Carter Preston, an yi sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Kowanne da sunan mamacin, ba tare da muƙami ba, don kada a fifita hafsa a kan kurtu. Amma mu a nan ba sai mun tsallaka teku ba, domin allunan ƙarfen da suka fi shahara a duniya daga Birnin Benin na Jihar Edo suka fito.

Da harshen Edo ana kiran irin wannan allo ama. Ƙungiyar maƙeran fada da ake kira Igun Eronmwon ce ta zuba su, galibi a ƙarni na 16 zuwa na 17, kuma masana da dama na danganta yawancinsu ga zamanin Oba Esigie da ɗansa Orhogbua. An san kimanin 900. Hanyar zubin ita ce ta kakin zuma: a siffanta komai da kaki har ƙwayar murjani, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba ƙarfe a gurbinsa, sannan a fasa yumɓun. Tunda sai an fasa mazubi kafin a fitar da aiki, kowane allo shi kaɗai ne, ko da yana da abokin tagwaitaka da aka yi don su yi daidai a ginshiƙi. Wani marubuci ɗan Holan, Olfert Dapper, wanda bai taɓa zuwa Afirka ba amma ya tattara labaran fatake, ya bayyana a 1668 cewa ginshiƙan katako na fadar a lulluɓe suke da zubin ƙarfe mai hotunan yaƙe-yaƙe.

Shi ma allon Benin karanta shi ake yi, ko da yake babu harafi ko ɗaya a jikinsa. Girman mutum a allo ba tsawonsa yake nunawa ba, matsayinsa ne: babba a tsakiya, mabiya ƙanana a gefe. Yawan murjani a wuya da kai yana faɗin muƙami. Damisa alamar Oba ce. Masu dogon gashi da gemu da hular ƙarfe Turawan Fotugal ne, waɗanda suka fara zuwa a ƙarshen ƙarni na 15. Filin da ke bayan mutanen kuma an cike shi da ɗige-ɗige da wani ganye mai kunne huɗu da ake dangantawa da Olokun, abin bautar ruwa da arziki.

A watan Fabrairu na 1897 rundunar Ingila ƙarƙashin Harry Rawson ta ci birnin, bayan kashe tawagar James Phillips a watan Janairu. Aka kwashe dubban kayayyaki, aka kai Oba Ovonramwen Kalaba, inda ya rasu a 1914. Allunan a lokacin ba a jikin ginshiƙai aka same su ba, a ajiye suke a wani ɗaki. Akwai abin da ya kamata mu sani a nan: a cikin rundunar akwai sojojin ƙasa da takardun Turawa ke kira Hausawa, ko da yake a wancan zamani sukan yi wa sojan haya baƙar fata wannan suna ko daga ina ya fito. An kuma ba mahalarta yaƙin minda mai sanda da aka rubuta Benin 1897. Yau masu tara mindodi na cinikin wannan, alhali allunan da aka kwaso suna gidajen tarihin Landan da Balin da sauransu.

To yaya ake gane tsohon allo? Na farko, sirantaka. Tsofaffin maƙeran sun iya zuba fili mai kaurin kimanin milimita 3, abin da ke da wuya ƙwarai, sababbin kwaikwayo kuwa sukan yi kauri da nauyi. Na biyu, hudojin ƙusa, waɗanda aka ɓula bayan zubi, wani lokaci ma ta cikin ado, da lanƙwasa da yagewar da cirewa ta haddasa. Na uku, ɗige-ɗigen fili da aka bi da hannu ɗaya bayan ɗaya. Na huɗu, tsofaffin lambobi da farin fenti, irin waɗanda dillalin Ingila William Webster ya riƙa sa wa kayan da suka bi ta hannunsa. Launin tsufa kuwa shi ne mafi raunin hujja, domin ana binne sabon aiki a ƙasa mai laima ko a shafa masa ruwan batir ya yi kore cikin 'yan makonni.

Daga nan sai ɗakin gwaji. Kalmarmu ta tagulla ta haɗe abubuwa biyu da masu kimiyya ke rarrabewa: jan ƙarfe da aka gauraya da kuza, da wanda aka gauraya da tutiya. Allunan Benin galibi na biyun ne, da ɗan darma a ciki. A 2023 wani bincike da Tobias Skowronek ya jagoranta ya gwada mundaye 67, irin waɗanda Turawan Fotugal ke biyan kaya da su, yawancinsu daga jiragen da suka nutse, aka ga darmar da ke cikinsu ta yi daidai da ta yawancin kayan Benin, kuma asalinta yankin kogin Rhine ne a Jamus. Tsohuwar hanyar haɗa wannan ƙarfe ba ta barin tutiya ta haura kashi ɗaya cikin uku, don haka in ta haura, aikin na baya-bayan nan ne. In kuwa aka sami goran ruwa a cikin haɗin, magana ta ƙare, domin sai bayan 1886 aka iya samar da shi da yawa.

Amma hujjar da ta fi duk waɗannan ita ce salsala, wato sanin hannun da abu ya bi daga 1897 zuwa yau. A 2022 aka buɗe wani kundi a intanet mai suna Digital Benin, wanda ya tattara bayanan kayayyaki sama da 5,000 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20. Kusan duk tsohon allo an san inda yake. Saboda haka wanda aka shimfiɗa a bakin otal a Legas ko Abuja, ko a rumfunan 'yan koli, waɗanda da yawansu Hausawa ne da suka daɗe a wannan fatauci har Abidjan, sabon aiki ne. Wannan kuwa ba aibu ba ne. Jikokin maƙeran suna nan a Titin Igun suna zubi, kuma aikinsu ya cancanci saye da sunansa na sabo. Yana zama jabu ne a ranar da mai sayarwa ya rantse cewa daga fadar Oba Esigie ya fito.

Ga mai son farawa

Ɗalibi ba shi da kuɗin Pisanello, amma tarawa ba sai da tsada ba. Mindodin tunawa na ƙarni na 20, irin na jami'o'i da bukukuwa da wasanni, da wadda aka yi ta samun 'yancin Nijeriya a 1960, duk abin farawa ne. Abin da ya fi shi ne mutum ya zaɓi fanni guda ya bi shi, maimakon tsince-tsince. Kayan aiki kaɗan ne: gilashin ƙara girma, da ɗan sikeli mai auna giram, da ma'aunin milimita, da maganaɗisu, don tagulla ba ta kama shi, in ya kama to baƙin ƙarfe ne aka rina. Sai littafin rubutu, inda za a sa faɗi da nauyi da duk rubutun da ke fuska da baya da gefe harafi bayan harafi, da inda aka samo abin da ranar da aka same shi. Masu zurfafawa kan koma ga kundin G. F. Hill na 1930 a kan mindodin Italiya, da ƙamusun masu ƙera minda na Leonard Forrer mai juzu'i takwas, inda ake neman sunan da aka gani a ƙarƙashin kafaɗa.

Abin da na fi jin tsoro shi ne tsafta. Mun saba in tasa ta dushe a dirje ta da toka da lemun tsami har ta yi ƙyalli. Wanda ya yi wa tsohuwar minda haka ya kankare shekarunta da hannunsa, kuma ba sa dawowa. Wannan duhu-duhun ruwan ƙasa ko kore mai santsi kariya ce ga ƙarfen, shi ne kuma abin da mai saye ke nema. A riƙe ta ta gefe, a share ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi, a ajiye ta cikin takarda a wuri marar laima, ba cikin leda mai taushi ba, don wasu ledojin na fitar da sinadarin da ke cin ƙarfe. Kore guda ne abin damuwa, shi ne mai haske da ke fitowa kamar gari yana zubowa. Wannan ciwon tagulla ne, gishiri da laima ke kawo shi, kuma ya fi yawa a garuruwan bakin teku. In an gan shi a ware wannan ƙarfe daga sauran, a kai wa ma'aikatan gidan tarihi.

Sai doka. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ɗauki aikin fasaha na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, haka ma wanda aka taɓa amfani da shi a bikin gargajiya in yana da muhimmanci. Irin waɗannan ba a cinikinsu sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ba a kuma fita da su waje sai da izini. Ko sabon aiki ne mutum zai yi tafiya da shi, gara ya nemi takardar hukumar da ke shaida sabo ne, don kada a tsare shi a filin jirgi. Game da na Benin kuwa, a 2022 Jamus ta sa hannu kan miƙa wa Nijeriya mallakar kayayyaki sama da 1,000, a 2023 Gwamnatin Tarayya ta bayyana Oba na Benin a matsayin mai mallakar duk abin da aka dawo da shi, a 2025 kuma Holan ta maido guda 119. Wanda aka yi wa tayin tsohon allon Benin a ɓoye, ɗayan biyu ne: ko dai sabo ne aka tsufar da shi, ko kuwa na gaske ne, wanda in haka ne kayan sata ne da ke da mai shi.